An ce mu ƙara sunaye mu kai 100 a ba mu injin sola: ku ba mu shawara

Magatakarda:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi haƙuri da tsawon bayanin, in na gutsure shi ba za a gane inda matsalar take ba.

Ni ne magatakardan wata 'yar ƙungiyar manoma a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo. Mu 34 ne. Da farko ko suna ba mu da shi, kachala ce ta haɗa mu. Duk wanda ya san yankin Haɗejia ya san ciyawar nan: ta toshe hanyar ruwa, na sama ruwa ya kwanta masa a gona, na ƙasa ya rasa na ban-ruwa, ga tsuntsayen jan-baki sun samu makwanci a cikinta, da sassafe su sauka a kan shinkafa. Da muka gaji da jiran a zo a sare mana, sai muka ce duk Asabar kowa ya fito da laujensa da addarsa. Shekara ta bakwai ke nan gayyar ba ta tsaya ba sai in ruwa ya fi ƙarfin shiga.

Daga baya wani dattijonmu, Allah ya jiƙansa, ya ce tunda mun iya haɗa ƙarfi, mu haɗa hatsi. Da kaka duk buhun da mutum ya samu ya fitar da tiya ɗaya, gero ko dawa ko shinkafa, a zuba a rumbun da muka gina a tudu kusa da gidan mai unguwa. In Agusta ta zo, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ɗan ƙungiya ya zo ya ranta, maimakon ya je wurin 'yan ba-da-kaka da za su ba shi buhu ɗaya su karɓi biyu. Mu in kaka ta yi ya dawo da buhun da ƙarin tiya biyu. A ambaliyar 2022 gonakinmu kusan duk sun nutse, rumbun nan ne ya riƙe gidaje har ruwa ya janye, kuma daga cikinsa muka samu irin da muka shiga rani da shi.

To makon jiya wani bawan Allah ya zo daga birni, ɗan garinmu ne ta wajen uwa. Ya ce akwai tallafin injinan ban-ruwa na sola da taki, amma sai ƙungiya mai rajista mai mutum 100. Ya ce kada mu damu, shi zai kawo sunayen 66 da lambobinsu, zai biya kuɗin rajista, sharaɗinsa kawai ya zama uban ƙungiya kuma yana cikin masu sa hannu a asusun banki. Mun rabu gida biyu. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna. Me kuka gani?

Ɗan Dawanau:
Wa alaikumus salam. Yaya Magatakarda, wallahi ku karɓa. Ni ɗan Kafin Hausa ne, lodi nake yi a kasuwar Dawanau, na san abin da fetur ya yi wa noman rani tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Yayana ya bar rabin gonarsa ta albasa ba don komai ba sai man injin. Injin sola in ya shigo hannunku ya shigo ke nan, rana kuwa ba a sayenta. Sunaye a takarda me suka rage ku da shi? In kun ƙi, ƙauyen gaba za su karɓa, ku kuna kallo.

Mai Tumatir:
Nima ra'ayina ke nan. A karɓa tukuna, a yi gyara daga baya.

Tsohon Manomi:
Ɗana na Dawanau, na ji ka, kuma ban raina ciwon da ka faɗa ba. Amma bari in ba ku abin da idona ya gani, jikana ne yake rubuta mini.

Ni mutumin ƙasar Kura ne. Ina saurayi aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal ya zo Kadawa, muka koyi alkama da tumatir. A farkon shekarun 1990 aka zo da shirin Fadama, ana ba da ƙananan injina da haƙa rijiyoyi a fadamu, amma sai ta hanyar ƙungiya. Shirin ya yi amfani, ba na musu, mutane da yawa a nan ne suka tsaya da ƙafarsu. Abin da nake so ku ji shi ne halinmu mu manoma. A unguwarmu kaɗai sai da aka wayi gari da ƙungiya huɗu cikin mako guda. Kowace da shugaba da ma'aji da hatimi. Ranar da aka raba injina, ranar aka yi wa ƙungiyoyin jana'iza. Ba wanda ya sake kiran taro, don dama ba taron ne ya haɗa su ba, injin ne. Tawa tana ciki, ba zan ɓoye ba. Guda ɗaya ce ta rayu a duk yankin, ta wasu mutum goma sha da suka riga suka shekara suna yashe ƙaramar kanal tare tun kafin a ji labarin wani shiri. Su da injin ya lalace sun san yadda ake karo-karo a gyara, don sun saba. Mu da namu ya lalace kowa ya ce ai na gwamnati ne.

Ku abin da kuke da shi ya fi injin tsada. Mutum 34 da suka yarda su zuba hatsinsu a rumbu ɗaya, su yi barci, ba a samun wannan a kasuwa. In mutum 66 da ba su taɓa shiga kachala ba suka shigo takarda, ranar zaɓen shugabanni su ne masu rinjaye. Kun lissafa wannan? Wanda kuma ya biya muku rajista, ya sa hannu a asusunku, gobe in ya zo da buƙatarsa da wane baki za ku ce a'a? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ɗan Dawanau:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma zamaninku fetur kamar kyauta yake. Yanzu in mutum ya tsaya jiran tara kuɗin sola da tiya-tiya, sai yaushe?

Uwar Adashi:
Salamu alaikum. Malam Magatakarda, ni tambaya ɗaya gare ni kafin shawara. Cikin ku 34 ɗin nan mata nawa ne?

Magatakarda:
Hajiya, gaskiya babu ko ɗaya.

Uwar Adashi:
Na sani, shi ya sa na tambaya. To ashe kuna zaune da mutum 66 ɗinku a cikin gida kuna neman na aro daga birni.

Wa yake sussukar geron da kuke zubawa a rumbun? Wa yake shiƙa? Wa yake kai wa 'yan gayya fura da ɗumame ranar Asabar? A ambaliyar da kake faɗa, akuyar wa aka fara kaiwa kasuwa? In garinku kamar namu ne, ta matar gida ce.

Ni a ƙasar Bunkure nake, sana'armu turara shinkafa. Mu 25 ne a ƙungiyarmu. Da adashi muke yi irin wanda kowa ya sani, a zuba, mai kwasa ta kwashe, ta yi biki ko suna, shi ke nan. Sai wata 'yar'uwarmu da ta yi aure a Maraɗi ta zo mana da tsarin da suke yi can. A Nijar ana ce masa Mata Masu Dubara, ƙungiyar CARE ce ta fara shi a 1991, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai kowa na zaune. A ƙirga kuɗin da ƙarfi, kowa ta ji, a faɗi jimla, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi jama'a nawa muka bari. Yawancinmu ba mu yi boko ba amma ba a taɓa cin mana ko sisi ba, don lissafin yana kan mutum 25, ba a littafin mutum ɗaya ba.

Da kuɗin akwatin nan muka daina karɓar shanshera bashi a hannun dillalai. Yanzu da kaka muke saye da kuɗinmu, mu ajiye, mu riƙa turarawa a hankali. Mun sayi manyan tukwane biyu masu rariya a ciki, waɗanda tururi ne ke dafa shinkafar ba ta kwanta cikin ruwa ba, tana fita fes ba ƙauri, itace ma ya ragu. Mun sayi tamfol na shanya, mun huta da tsakuwa. Akwai kuma ɗan gwangwani daban na taimako, wanda in naƙuda ta zo wa mace da dare ba a tsaya neman kuɗin mota. Shekara uku da suka wuce da mun rasa wata yarinya a cikinmu, gwangwanin nan Allah ya sa ya zama sila.

Saboda haka shawarata, in mutum 100 ake so, ku nemo 100 na gaskiya masu numfashi a garinku. Amma kada ku rubuta sunan mata don cika lamba kawai, ku karɓi kaya da sunansu su ji a salansa. Wannan ma an yi mana, wani ya zo ya karɓi hotunanmu da lambobinmu, ba mu sake ganinsa ba sai labari muka ji an raba kaya. In za su shigo, a ba su makulli.

Mai Tumatir:
Hajiya ta yi magana. Na janye tawa.

Malamin Gona:
Na yi shekaru ina aikin malamin gona a Jigawa, bari in sa baki ta ɓangaren da na sani.

Na farko, Malam Magatakarda, ku tambayi mutumin nan sunan shirin da ofishin da ke gudanar da shi. In na gaskiya ne yana da ofishi, kuma malamin gona na yankinku ko ofishin JARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jigawa, za su san da shi. Ku tura mutum biyu su je su ji da kunnensu: mutum nawa ake so, me ake bayarwa, kyauta ne ko bashi, in bashi ne wa zai biya. Wannan na ƙarshen shi ne wurin da ake faɗawa rami. Tun da aka fara ba manoma bashin kayan noma ta hanyar BVN, duk abin da aka karɓa da sunan ƙungiya yana rubuce a kan wani. Su 66 ɗin ba ku san gidajensu ba. Ranar biya ku da kuke da gona a fili za a tarar. Rajista kuma ba abin tsoro ba ce, ba ta buƙatar uban gida. Sashen ƙungiyoyin gama-kai yana nan, ku rubuta dokokinku, ku kai sunayenku, ku biya da kuɗinku.

Na biyu, shi kansa injin solar. Yana da kyau ƙwarai, amma a san abin da ake karɓa. Injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa ba ya iya jawo shi daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, ko na fetur ne ko na sola. A fadamarku ta Auyo ruwa yana kusa, zai yi. Wanda yake tudu sai mai nutsewa cikin rijiya. Sannan ƙarfinsa yana bin rana, da hazo ko sassafe ruwan kaɗan ne, don haka dole a yi jadawalin wa zai sha yau wa zai sha gobe. Ga gadin faranti, don ɓarayi sun gane kuɗinsa. In injin biyar ne mutum 34, wa zai fara? Ƙungiyar da ba ta yanke wannan tun kafin kaya su iso ba, injin ne zai raba ta.

Na uku, kuma wannan ya fi damuna. Akwai abubuwan da ƙungiya irin taku za ta yi bana ba tare da jiran kowa ba. Ku da ruwa ke cinye wa shinkafa, akwai iri biyu da aka fitar a 2017, Faro 66 da Faro 67, an yi su ne don jure nutsewa, suna iya kwana da kwanaki a ƙarƙashin ruwa, har wajen mako biyu, su farfaɗo in ya janye. Ba maganin ambaliya irin ta 2022 ba ne wadda ruwa ya zauna wata da watanni, amma ga ruwan da ke zuwa ya wuce suna taimakawa. Ku sayi kaɗan daga inda aka tabbatar da ingancinsa, ku ware gona ɗaya ta ƙungiya ku ninka shi, a cire duk wanda ya fita daban kafin ya yi kai, baɗi kowa ya samu. Kafin shuka ku ƙirga ƙwaya 100 ku shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, bayan kwanaki ku ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun gaza 80 ku san irin da saura.

Wake kuma, in kuna ajiye shi a rumbun, ku nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi. Ba magani a ciki, iska yake toshewa ƙwarin su mutu. Sharaɗin waken ya bushe sosai, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, kuma a kiyaye ɓera. Ya fi zuba maganin ƙwari a abin da yara za su ci.

Almajirin Malam:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni wani wuri ne ya tsaya mini a bayanin Magatakarda, kuma na ga kowa ya wuce shi. Ka ce mutum ya ranci buhu ya dawo da buhu da tiya biyu. Ɗan'uwa, wannan ƙarin da aka sharɗanta a kan rance riba ce, ko da kaɗan ce, ko da ƙungiya ce ke ci ba mutum ɗaya ba. Gero da gero in za a yi musaya sai daidai da daidai. Kun gudu daga 'yan ba-da-kaka, kada ku ɗauko ƙaramin abin da suke yi.

Maganar sunayen ƙarya kuwa ba ta buƙatar dogon bincike. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kayan da aka ware don manoma 100, in 66 ba manoma ba ne, haƙƙin wasu aka ci.

Magatakarda:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ba mu taɓa kallonsa haka ba. Mu a ganinmu tiya biyun nan ba aljihun kowa take shiga ba, ita ce ke cike abin da ɓera da ƙwari da zuba suka rage, kuma mai biyan ma da shi ake ci. In an cire ta rumbun zai riƙa raguwa duk shekara. Mene ne mafita?

Almajirin Malam:
Mafita tana nan. Ku raba abu biyu da kuka haɗa. Rance ya zama rance, buhu a dawo da buhu. Gudummawar kula da rumbu kuma ta zama a kan kowa, wanda ya ranta da wanda bai ranta ba, daidai wa daida, a lokacin da aka saba zubi. Kun ga ba rancen ne ya jawo ta ba. Ko kuma ƙungiya ta sayar wa mutum hatsin bashi a kan farashin da aka yanke tun ranar, da ranar biya sananniya, ya biya da kuɗi. Amma ku kai wa limaminku ya duba yadda abin yake a wurinku, ni ɗalibi ne. Kuma tunda ana maganar injin, a tuna zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ce, wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi ɗaya bisa ashirin, in ya kai nisabi. Garin da ake fitar da ita yadda ya kamata, rabin masu zuwa rance a Agusta ba za su zo ba.

Uwar Adashi:
Mu ma sai da muka je wurin malami a kan wannan. Tsarin da aka kawo mana da ɗan ƙari a kan rance, muka cire. Yanzu akwatin ne ke sayen shanshera, a sayar wa mace da 'yar riba sananniya, ta biya bayan ta turara ta sayar.

Na Ruga:
Sannunku. Ni Bafulatani ne, muna zaune a ƙasar Kiri Kasamma tun kakana. Ina karanta irin wannan muhawara, kullum in aka ce ƙungiyar ƙauye manoma ake nufi, mu sai in an zo maganar ɓarna.

Ku gane wani abu. Duk injin da aka dasa a fadama, wata mashaya ce ko makiyaya ta rufe. Da in rani ya yi fadama tamu ce da ku, ku kwashe amfani mu shigo, shanu su ci kara su bar muku taki. Mahaifina har hatsi ake ba shi don ya kwana da garke a gonar mutum. Yanzu rani da damina gona ba ta hutawa, burtali kuma kowace shekara sai an ɗan ci gefensa, har saniya biyu ba sa iya jerawa. Ba ina kare wanda ya saki dabba a gonar mutane ba ne, akwai masu yi, kuma mu ma suna jawo mana. Amma in ruwa yana bayan gonarka, hanya kuma ka shuke ta, ta ina zan bi?

A wajenmu abin da ya kawo sauƙi, dagaci ya haɗa mutum shida, uku namu uku na manoma. Kafin a fara rani a zagaya tare a kafa turaku a hanyar mashaya. In an yi ɓarna su shidan ne ke zuwa su gani da ido su yanke, kafin magana ta kai ga 'yan sanda, inda kowa ke asara. Malam Magatakarda, in akwai ruga kusa da ku, kafin ku dasa injin ku kira su. Kachalar nan ma mu ta dame mu, shanu ba sa iya kaiwa bakin ruwa. Da an gayyace mu gayyar da mun zo.

Magatakarda:
Akwai ruga biyu a gabas da mu. Shekara bakwai ba mu taɓa gayyatarsu ba, kuma ba wani dalili sai dai ba a saba ba. Na rubuta wannan a cikin abin da zan kai taro.

Ɗan Dawanau:
To na ji duka, kuma maganar bashi da Malamin Gona ya yi ta sa na yi sanyi. Amma bari in faɗi abin da ke cina, don kada a ɗauka kwaɗayi ne kawai. Me ya kawo ni Dawanau ina ɗaukar buhu a ka? A garinmu akwai ƙungiya. Shekara biyu ina zuwa taro. Mu ne yashe magudana, mu ne cike ramin hanya da damina, mu ne gadin dare. Ranar da aka samu taki, dattawa suka shiga zaure suka rufo ƙofa, aka ce ai yaro a ƙarƙashin babansa yake, ba shi da gonar kansa. Ko a taro in ka ɗaga hannu sai a ce manya na magana. Shi ya sa in na ji ana yabon haƙuri da tara tiya-tiya raina ke ɓaci, don na san wa ke haƙurin, wa ke cin amfanin. Duk motar da ta tashi daga Gujungu ranar kasuwa ku duba samarin da ke ciki da 'yar jaka, Legas ko Abuja ko Fatakwal za su. Ba noman suka ƙi ba.

Tsohon Manomi:
Ɗana, wannan gaskiya ce, kuma mu ne da laifi. Ba ni da abin karewa. Ni kaina sai da ƙarfina ya ƙare na ba 'ya'yana gonar da za su ce tasu ce, alhali tun gandu ake ba yaro gayaunarsa. Magatakarda, ku ji wannan yaron. Ku nemi gona ko aro ko haya da sunan ƙungiya ku ba samari su noma wa kansu, kuma in injin ya samu su za su riƙe shi, su ne za su iya koyon gyaransa.

Malamar Firamare:
Ina bin ku tun farko. Abu ɗaya zan ƙara. A ƙauyen da nake koyarwa a ƙasar Ringim, ƙungiyar manoma ce ta sake rufin aji biyu da iska ta yaye, kuma su suka sa dokar cewa ranar makaranta ba a tura yaro korar tsuntsu kafin a tashi. Dokar ta yi aiki ne saboda masu gonakin ne suka kafa ta da bakinsu. Mu malamai mun shekara muna faɗa ba wanda ya ji.

Magatakarda:
Salamu alaikum. Na dawo da bayanin taro, kuma na gode wa kowa. Sai da na karanta musu maganganunku ɗaya bayan ɗaya, muka kai har la'asar.

Mun aika mutum biyu sun tambayo. Shirin akwai shi, amma ba kyauta ba ne gaba ɗaya, manomi zai biya wani kaso, kuma mutumin bai faɗa mana wannan ba. Mun gaya masa cikin mutunci cewa ba ma son sunayen waje, kuma asusu mutum uku ne za su sa hannu, duk mazauna gari. Ya ce zai yi tunani. Har yau bai kira ba. Mutum biyar a cikinmu sun yi fushi sosai, ɗaya ya ce mun yi wa arziki ƙafar ungulu, ya nemi a auna masa hatsinsa ya fita. Mun auna masa. Aminina ne tun muna yara, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Mun bi gida-gida. Yanzu mu 71 ne, waɗanda suka ƙaru su ne mata 23, samari 11, mutum 4 daga ruga. Ba mu kai 100 ba, kuma wataƙila wannan zagayen ya wuce mu. Matan sun ce ba za su zauna taro ɗaya da mu ba, za su riƙa nasu a gidan mai unguwa ranar Laraba, wakilansu biyu su kawo mana abin da suka yanke, kuma sun ce makulli ɗaya na rumbu nasu ne. An ba su. Liman ya duba maganar tiya biyu, ya ce a cire, mun mayar da ita zubin kowa da kowa. Mai unguwa ya ba da aron wata gonarsa ta bakin fadama shekara biyu don samari.

Malamin Gona, don Allah a ina za mu samu Faro 66 ɗin nan na gaskiya, kuma tiya nawa za ta ishi gonar da ba ta kai kadada ɗaya ba in dashe za a yi?

Malamin Gona:
Ku je ta hannun malamin gonarku ya haɗa ku da kamfanin iri mai rajista, ku duba takardar shaidar hukumar kula da iri a jikin buhun, kada ku saya a buɗe a kasuwa. In dashe ne ba ya cin iri kamar watsi. Ku auno mini tsawo da faɗin gonar da taku, zan lissafa muku.

Ɗan Dawanau:
Yaya Magatakarda, ɗan wani gari zai iya shiga gonar samarin? Kafin Hausa ba nisa. In da hali zan zo gayyar Asabar in gani da idona.

Magatakarda:
Sai na tambayi jama'a, amma gayya ba a hana kowa. Ka taho da lauje da takalmin roba, akwai matsattsaku a ruwan. Muna fita bayan sallar asuba.